Tambayoyi da Amsoshi Kan Foka Mai Raba Kuɗin Tsakiya: Dabara da Lissafi a Ƙaramin Teburi

Galibin matasan Hausawa mazauna Legas da ke sha'awar foka, wato wasan kartar da ake kira poker, sun taso ne da karta irin ta gida da kuma Whot, daga baya suka ci karo da nau'in foka mai suna Texas Hold'em a waya ko a talabijin, inda mai hannu mafi ƙarfi yake kwashe komai. Nau'in da ake raba kuɗin tsakiya gida biyu shi ya fi rikita su, domin ƙa'idojinsa ba su da wuyar haddacewa, amma lissafinsa yana saɓa wa abin da zuciya take raya wa mutum. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi maimaitawa idan hirar ta taso. An kawo misalan da naira ne don sauƙin fahimta. Ko da murfin kwalba ko tsinken ashana ake wasan, adadin ba ya canjawa.

Mene ne ake nufi da foka mai raba kuɗin tsakiya?

Wasa ne da ake kasa abin da aka tara a tsakiyar teburi kashi biyu a ƙarshen zagaye. Rabi na mai hannun sama ne, wato hannu mafi ƙarfi bisa jerin darajar foka da aka sani, ɗaya rabin kuma na mai hannun ƙasa ne, wato wanda ya haɗa katuna biyar mafiya ƙanƙanta. Nau'in da ya fi shahara shi ne Omaha Hi-Lo, kuma a kansa yawancin bayanin nan zai tsaya. Wasan Omaha ya shiga gidajen wasa na Las Vegas da ke Amurka a farkon shekarun 1980, kuma har yau ana buga wannan nau'in a gasar World Series of Poker.

Ana raba wa kowa kati huɗu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya a matakai uku: uku a tare, waɗanda za mu riƙa kira buɗin farko, sai na huɗu, sai na biyar. Ƙa'idar da sababbin shiga suka fi mantawa ita ce dole mutum ya yi amfani da kati biyu daga hannunsa da uku daga teburi, babu ƙari babu ragi. Idan ♠ huɗu suka fito a teburi alhali mutum yana da guda ɗaya tak a hannu, ba shi da fulash, wato katuna biyar masu alama iri ɗaya. Amma an yarda ya zaɓi biyu don neman sama, ya zaɓi wasu biyun don neman ƙasa, ko kati ɗaya ya yi masa aiki a ɓangarorin biyu.

Yaya ake karanta hannun ƙasa?

Sharaɗinsa shi ne katuna biyar masu lamba daban-daban, kowanne 8 ko ƙasa da haka, kuma A tana matsayin 1. Jere, wato katuna biyar masu lambobi a bin juna, ko fulash ba sa ɓata hannun ƙasa, shi ya sa 5-4-3-2-A ya zama mafi kyau, kuma shi ɗin dai jere ne da ake iya cin sama da shi. Hannun ƙasa iri 56 ne kawai, mafi rauninsu 8-7-6-5-4.

Hanya mafi sauƙi ta kwatanta hannu biyu ita ce a jera katunan daga babba zuwa ƙarami, a karanta su kamar lamba ɗaya mai gurbi biyar. Wanda yake da 8-6-4-2-A lambarsa 86,421 ce, wanda yake da 8-5-4-3-2 tasa 85,432 ce, saboda haka na biyun ne ya ci, duk da cewa na farkon ne yake riƙe da A. Daga sama ake fara hukunci, ba daga ƙasa ba, kuma gardama da yawa a teburin abokai daga rashin sanin wannan take tasowa.

Shin kowane zagaye ake rabawa?

A'a. Tunda uku daga cikin katunan hannun ƙasa daga teburi za su fito, dole teburin ya ƙunshi ƙananan katuna uku masu lamba daban-daban. Idan aka lissafa dukkan hanyoyi 2,598,960 da katuna biyar za su iya fitowa daga 52, kusan kashi 60 cikin 100 ne suke cika wannan sharaɗi. A sauran kashi 40 ɗin babu hannun ƙasa ko kaɗan, mai sama ne yake ɗauke duka, ko da wani yana zaune da A-2-3-4 a hannunsa.

Ina matsayin wannan wasa a addini da kuma dokar Legas?

Babu amfanin yin rufa-rufa a nan. Zuba kuɗi ko wani abu mai daraja a kan karta caca ne, an ambaci zunubinta a Suratul Baƙara aya ta 219, an kuma hana ta ƙarara a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canja hukuncin, naira hamsin da naira dubu hamsin duk sunansu ɗaya. Wasan karta da babu kuɗi a cikinsa kuwa malamai sun yi saɓani a kai, kuma wanda yake son bayani ya nemi malaminsa.

Ta fuskar doka, Jihar Legas tana ba da lasisin caca ƙarƙashin hukumar Lagos State Lotteries and Gaming Authority, wadda dokar jihar ta 2021 ta kafa, kuma ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, abin da yake nufin cewa abin da doka ta ƙyale a Victoria Island laifi ne a jihohi irin su Kano da Zamfara da ke aiki da shari'ar Musulunci. Wanda aka cuta a wurin da ba shi da lasisi kuma da wuya ya sami inda zai kai kuka.

Lissafin kansa ilimi ne mai zaman kansa. Masana tarihin lissafi suna danganta tushen ilimin yiwuwar aukuwa da wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654, kuma matsalar da suka tattauna ita ce yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama.

Mene ne lissafin farashin bi, kuma yaya ake yin sa?

Shi ne auna abin da ake nema mutum ya zuba da abin da zai samu idan ya ci. A ce akwai ₦4,000 a tsakiya, har da abin da abokin hamayya ya zuba yanzu, kuma ana buƙatar ₦1,000 kafin a ci gaba. Bayan mutum ya bi, jimillar ta zama ₦5,000, kuma nasa kason a ciki ɗaya ne cikin biyar. Ma'ana, idan zai ci fiye da sau 20 cikin 100, bin yana da riba a tsawon lokaci. Idan bai kai haka ba, asara ce ko da ya yi sa'a a wannan karon.

Ɗaya ɓangaren shi ne ƙirga katunan ceto, wato waɗanda idan ɗayansu ya fito hannu zai cika. A Omaha mutum yana ganin huɗu nasa da uku na teburi, saura 45 da bai gani ba. Bayan kati na huɗu saura 44. Mai neman fulash yana da katunan ceto 9, wato 9 cikin 44 idan kati ɗaya ya rage, kimanin kashi 20 cikin 100, ko kimanin kashi 36 idan biyu suka rage.

Me ya sa wannan lissafi yake yaudarar mutum a wasan raba biyu?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. Rabin kuɗin tsakiya ba rabin riba ba ne, domin a cikin rabin da ake miƙo wa mutum akwai kuɗinsa da ya zuba da hannunsa.

Mu koma kan misalin ₦4,000 da ₦1,000. Wanda ya kwashe duka ya karɓi ₦5,000, ribarsa ₦4,000. Wanda ya ci rabi ya karɓi ₦2,500, ribarsa ₦1,500 ce kawai, wadda ba ta kai rabin ₦4,000 ba. Saboda haka mai neman rabi kaɗai yana buƙatar ya ci sau 1,000 cikin 2,500, wato kashi 40 cikin 100, ninki biyu na abin da mai neman duka yake buƙata. To, a ce mutum yana riƙe da A-2 tare da manyan katuna biyu marasa amfani, teburi kuma ya nuna 4-7-K-J. Katunan da za su cika masa hannun ƙasa su ne 3 da 5 da 6 da 8, huɗu-huɗu, jimilla 16 cikin 44, kimanin kashi 36 cikin 100. A ido adadin yana da yawa, har ya kusa ninka na mai neman fulash, amma bai kai 40 ɗin da ake buƙata ba, kuma wannan kafin a yi maganar yiwuwar wani ma yana riƙe da A-2. Hannun da ya yi kama da na bi, na ajiyewa ne, wato a janye daga zagayen.

Abin ya fi muni idan mutum biyu ne kawai suka rage. Duk abin da suka ƙara zubawa, idan ɗaya ya ci sama ɗaya ya ci ƙasa, kowa kuɗinsa ne ya dawo masa, kamar ɗan kasuwar da ya yi dakon kaya daga Mile 12 ya sayar a kan uwar kuɗi. Ribar da ke akwai ita ce kawai rabin abin da waɗanda suka ajiye katinsu suka bari. Mai hannun sama a irin wannan hali yana da fatan teburi ya ƙi bayar da ƙasa ya kwashe duka, mai neman ƙasa zalla kuwa iyakar fatansa ya tsira da nasa. Wannan rashin daidaito ne ya sa masu ƙwarewa suke cewa manufar wasan ita ce kwashe duka, rabi kuwa abin rage asara ne.

Dabarar da ta fi sauƙin amfani a teburi ita ce a ƙirga kowane katin da zai ba da duka a matsayin ɗaya, wanda zai ba da rabi a matsayin rabin kati, sannan a kwatanta da farashin da aka saba. Katuna 16 na misalin nan sun koma 8 ke nan, 8 cikin 44 kuwa kashi 18 ne, ƙasa da 20.

Idan hannu yana neman sama da ƙasa a lokaci guda fa?

A nan ne lissafin yake juyawa. A ce hannun A♠ 2♠ 9♥ 9♦ ne, teburi kuma 4♠ 7♠ K♦ J♥, farashin bi bai canja ba. Idan 3♠ ko 5♠ ko 6♠ ko 8♠ ta fito, mutum ya sami fulash mafi girma tare da ƙasa mafi kyau, a bisa galibi ya kwashe duka. Idan 9♠ ko 10♠ ko Q♠ ce, babu hannun ƙasa a zagayen, fulash ɗin ya ɗauke komai. Katuna 7 ke nan na duka. Sauran 3 da 5 da 6 da 8 waɗanda ba ♠ ba guda 12 ne, kowanne rabi, sun zama 6. K♠ da J♠ suna ba da fulash amma suna maimaita lamba a teburi, wanda yake buɗe wa wani ƙofar ful-haus, wato katuna uku masu lamba ɗaya da biyu masu wata lambar, hannun da ya fi fulash ƙarfi, don haka mai taka-tsantsan ba zai saka su a lissafi ba. Jimilla 13 cikin 44, kusan kashi 30 cikin 100, alhali 20 ake buƙata. Bambancin wannan hannu da na baya bai wuce kasancewar A da 2 iri ɗaya ba, amma ya mayar da asara riba.

An ce A-2 shi ne sarkin katunan ƙasa. Me ya sa ake yawan asara da shi?

Dalilai biyu ne. Na farko, teburi yana iya kashe shi. Idan A ko 2 ta fito a tsakiya, katin da mutum yake taƙama da shi ya zama na kowa, sai mai 2-3 ko A-3 ya wuce gabansa. Da A-2 kaɗai a kan buɗin farko irin 4-7-K, yiwuwar haɗa hannun ƙasa zuwa kati na biyar kashi 59 cikin 100 ce, amma yiwuwar ya kasance mafi kyau a teburin kashi 49 ce kawai. Idan akwai kati na uku na kariya, wato A-2-3, adadin yakan tashi zuwa 72 da 69, domin idan teburi ya kashe ɗaya, akwai na maye gurbi. Tazarar da ke tsakanin 49 da 69 ita ce darajar wannan 3 ɗin, kuma mutane da yawa ba sa ganin ta.

Dalili na biyu shi ne rubu'i.

Mene ne rubu'i, kuma yaushe yake zama asara?

Idan mutum biyu suka yi kunnen doki a hannun ƙasa, rabin ne ake sake rabawa, kowa ya tashi da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba abu ne mai wuyar faruwa ba. Idan mutum yana riƙe da A-2, yiwuwar wani takamaiman abokin wasa shi ma yana da su kusan kashi 4 cikin 100 ce, a teburin mutum tara kuwa abin yakan kusanci sau ɗaya cikin uku, kuma tunda ba wanda yake jefar da A-2 tun farko, duk wanda yake da su yana nan har ƙarshe.

A zagayen da mutum uku suka rage, idan kowa ya zuba ₦1,000, mai sama zai ɗauki ₦1,500, masu ƙasa biyu kowa ₦750. Duk ₦1,000 da aka ƙara asarar ₦250 ce ga mai rubu'i. Da mutum huɗu ba riba ba asara, sai daga biyar ne rubu'i yake fara kawo wani abu. Wani lokaci ma mutum uku ne suke raba ƙasan, kowa ya sami sudusi.

Wannan ba ya nufin a ajiye kati. Idan akwai ₦8,000 a tsakiya tun kafin zagayen ƙarshe, rubu'in ₦11,000 ya kai ₦2,750, wanda ya fi ₦1,000 da ake nema nesa ba kusa ba. Abin da ake gudu shi ne ƙari. Wanda yake da ƙasa mafi kyau amma ba shi da komai a sama, ya kuma ga mutum biyu suna ta ƙara wa juna, ya bi kawai, kada ya taya mai sama tara kuɗi. Akasin haka kuma shi ne mafi daɗin matsayi a wasan: mutum ya raba ƙasa da wani, sannan ya fi shi a sama ko da da tagwayen lamba ɗaya ne, sai ya tashi da kashi uku cikin huɗu.

Waɗanne katuna ne suka cancanci a shiga da su tun farko?

Hanyoyin da katuna huɗu za su iya zuwa wa mutum 270,725 ne, kuma mafi yawansu na zubarwa ne. Waɗanda suka ƙunshi A da 2 ba su wuce kimanin kashi 6 cikin 100 ba. Hannun da aka fi yabawa shi ne A-A-2-3 idan kowace A tana da ɗan'uwanta iri ɗaya, domin yana neman fulash biyu mafiya girma, yana da tagwayen A, yana kuma da ƙasa mai kariya. Bayansa akwai A-2-3 da A-2-4 da kowane kati, A-2 tare da K ko wani babban kati iri ɗaya da A, sai A-3 idan akwai wani ƙaramin kati kuma A ɗin tana neman fulash. Hannun 2-3 ba tare da A ba jingine yake da fitowar A a teburi, kuma idan mutane da yawa sun shigo zagayen, alama ce cewa A ɗin suna hannayensu.

Manyan katuna huɗu da suka dace da juna, irin K-Q-J-10, ana iya shiga da su idan farashin yana da sauƙi, saboda teburin da yake taimakonsu galibi shi ne wanda ba ya bayar da ƙasa. Da zarar buɗin farko ya zo da ƙananan katuna biyu ko uku, darajarsu ta zube.

Tarkon da ya fi cin mutane shi ne matsakaitan katuna, 6 da 7 da 8 da 9. A Hold'em suna da kyan gani, a nan kuwa guba ne. Idan suka haɗa jere da ƙananan katunan teburi, wani ya riga ya tafi da rabin ƙasa. Idan suka haɗa da manya, jeren nasu shi ne ƙaramin, wani yana da babba. Hannun ƙasan da suke bayarwa kuma shi ne na ƙarshe a layi. Haka nan lamba ɗaya sau uku a hannu, ko da A-A-A ce, rauni ne, tunda biyu kawai za a yi amfani da su, ta ukun kuma ta rage damar fitowar wata a teburi.

Yaushe ya kamata a ƙara kuɗi?

Idan rabi ya riga ya tabbata, kuma akwai hanyar cin ɗaya rabin. Misali, teburi ya nuna 3-4-8, biyu daga ciki ♥, mutum kuma yana da A♥ 2♥ da wani ƙaramin kati na kariya. Abokin hamayyar da ke riƙe da 8-8 yana gaba a sama, amma shi ne yake cikin haɗari, domin da wuya ya sami fiye da rabi, alhali ♥ ɗaya ko 5 tana iya raba shi da komai. A irin wannan wuri kowace naira da ta shiga tsakiya tana yi wa mai ɓangare biyu aiki.

Sai dai a lura da wanda ƙarin zai kora. Mai ƙasa zalla yana son jama'a su yawaita, domin daga kuɗin mutum na uku da na huɗu ribarsa take fitowa. Idan ya ƙara ya kore su, ya bar kansa da mai sama su biyu suna musayar kuɗi. Wurin zama ma yana da tasiri, domin wanda yake magana a ƙarshe ya riga ya ga ko bin nasa zai rufe zagayen ko kuwa za a sake ƙarawa a bayansa.

Burga, wato zuba kuɗi da hannu mai rauni don a tsorata wasu su ajiye kati, tana aiki a ƙaramin teburi?

Ba sosai ba. Inda kuɗin bai taka kara ya karya ba, mutane ba sa jin zafin bi, kuma da yake kowa yana da kati huɗu da ɓangare biyu na nema, kusan kullum akwai wanda yake ganin yana da dalilin tsayawa. Wurin da takan yi aiki shi ne idan kati na biyar ya hana ƙasa fita, masu A-2 duk suka tashi a tutar babu, kuma abokan hamayya ba su wuce ɗaya ko biyu ba. Bayan wannan, fifikon mai lissafi a kan sauran yana zuwa ne daga haƙurin zaɓen kati da kuma ajiye hannu na biyu a daraja, wato ƙasa ta biyu ko fulash da ba na A ba, waɗanda su ne suka fi jawo asara a teburi mai cike da mutane.

Akwai bambanci tsakanin wasa mai ƙayyadadden zubi da wanda ake zuba daidai kuɗin tsakiya?

Akwai, kuma babba ne. A mai ƙayyadadden zubi, a ce na ₦100 da ₦200, matakan zubi biyu na farko ₦100 ake zubawa, biyu na ƙarshe ₦200. Idan mutum shida suka ga buɗin farko, akwai ₦600. Wani ya zuba ₦100, uku suka bi, ya zama ₦1,000. Mai A-2 a kan buɗin farko irin 4-7-K zai biya ₦100 don neman rabin ₦1,100, wato ₦550, yana buƙatar kashi 18 cikin 100, alhali 16 cikin 45 ya kai kusan 36. Bi ne babu tantama.

A ɗaya nau'in kuwa, idan akwai ₦2,000 kuma abokin hamayya ɗaya tilo ya zuba ₦2,000, mai bi zai biya ₦2,000 don neman rabin ₦6,000. Yana buƙatar kashi 67 cikin 100, wanda ko kashi 59 ɗin da A-2 ke da shi idan katuna biyu suka rage bai kai ba, balle a ce za a sake neman kuɗi a kati na huɗu. Idan kuma aka yi masa rubu'i, ₦1,500 zai karɓa a kan ₦2,000 da ya zuba. Katuna iri ɗaya, teburi iri ɗaya, hukunci ya bambanta saboda farashi.

Me la'adar mai gida take yi wa lissafin?

Tana cin wasan raba biyu fiye da sauran, saboda ana cire ta ne ko an yi riba ko ba a yi ba. A ɗauka mai gida yana cire kashi 5 cikin 100. Mutum biyu suka zuba ₦5,000 kowanne, suka raba, kowa zai karɓi ₦4,750, dukansu sun ci kuma dukansu sun yi asara. A ƙananan tebura abin ya fi nauyi, domin inda aka sa wa la'adar iyaka, kuɗin tsakiya ba kasafai yake girman da zai kai iyakar ba, don haka kusan kowane zagaye cikakken kaso ake cirewa. Idan aka haɗa sakamakon duk waɗanda ke teburin, jimillar kullum ƙasa take da abin da suka zo da shi, kuma ƙwarewar mutum ɗaya ba ta ƙirƙiro kuɗi, daga aljihun na kusa da shi take ɗaukowa.

Wannan bayani ya shafi Seven Card Stud Hi-Lo?

Lissafin rabi da na duka ɗaya ne, sharaɗin 8 ma haka. Bambancin shi ne babu katunan tsakiya: kowa yana karɓar bakwai nasa, uku a rufe huɗu a buɗe, ya zaɓi biyar don sama da biyar don ƙasa. Rubu'i ya fi wuyar aukuwa a nan. Aikin da ya ƙaru shi ne lura da katunan da suka bayyana a gaban wasu, har da waɗanda aka riga aka ajiye. Mai A-3-5-6 yana da katunan ceto 16, amma idan ya ga biyar daga cikinsu a gaban jama'a, 11 suka rage masa.

Idan kuɗin bai rabu daidai ba, wa yake ɗaukar ragowar?

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ragowar ta mai sama ce. Idan kunnen doki ne a ɓangare ɗaya, yawanci ana bai wa wanda ya fi kusa da hagun mai rabo. A Legas, inda samun canjin ₦50 kansa aiki ne, ya fi kyau a yi amfani da abin ƙirga mai daraja ɗaya, a kuma daidaita a kan wannan ƙa'ida kafin a raba kati na farko. Haka ma batun bayyana hannu: wasu teburan gida suna sa kowa ya faɗi ɓangaren da yake nema kafin a buɗe, wanda ya ce duka kuma ya faɗi a ɗaya ya rasa komai, amma a ƙa'idar gidajen wasa katin ne yake magana. Mutum ya shimfiɗa huɗunsa gaba ɗaya a buɗe, mai rabo ya karanta, domin sau da yawa akwai ƙaramin jere ko hannun ƙasa mai rauni da mai katin bai lura da shi ba, kuma idan ya riga ya cusa katinsa cikin tarin da aka zubar, ba a dawo masa da shi.